Ruwan Da Ya Zubo A Gidanka, Ina Yake Zuwa?

Ambaliya iri biyu ce, ya kamata kuwa mu raba su tun da fari domin kada magana ta cakuɗe. Akwai wadda kogi ko madatsar ruwa ke kawowa, irin wadda ta auka wa Maiduguri ran 10 ga Satumba, 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ta yi irin wannan ɓarna a 1994. Irin wannan ce akan ji a rediyo, manya su zo jaje, a raba shinkafa da tabarmi. Akwai kuma ta biyu, wadda ba ruwanta da madatsa ko kogi, ba ta kuma cika shiga jarida ba. Ruwa ne kawai aka sheƙa kamar da bakin ƙwarya na sa'a guda, layi ya cika, lambatu ya tumbatsa, ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa katifa da buhun masara da littattafan makarantar yara, katangar bayan gida ta zube. Kashegari a shanya kaya, a zauna jiran na gaba. Wannan ta biyun ce za mu yi magana a kanta, gama ita ce ke ziyartar yawancinmu kowace damina, ko a Kaduna ko Kano ko Jos ko Zariya, ita ce kuma mutanen unguwa ke da abin da za su iya yi a kanta da hannunsu.

Bari mu soma da ɗan lissafi, ba mai wuya ba ne. Masu awon ruwan sama da milimita suke auna shi. Milimita 1 a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, lita 1 ke nan. Fulotin da aka saba yankawa a garuruwanmu, watau ƙafa 50 da ƙafa 100, ya kai murabba'in mita 464. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, to lita dubu 23 da ɗoriya ne suka sauka a wannan fuloti guda, kimanin duro 116 ke nan irin mai cin lita 200. Idan filin yana nan da ciyawarsa da itatuwansa, ƙasa takan shanye mafi yawa, abin da zai kwarara waje bai fi duro 20 ko 30 ba, shi ma a hankali zai fita. Amma ran da aka kafa gida aka rufe da kwano, aka bi tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, to kashi 9 cikin 10 na ruwan nan waje zai yi, watau duro 100 da 'yan kai, a cikin 'yan mintoci. Gida 100 a unguwa, duro dubu 10. Duk kuwa a lambatu ɗaya ake so su wuce, lambatun da aka gina tun unguwar tana da gida 20.

Saboda haka in tsofaffin unguwa suka ce da can ruwa ba ya shiga gidaje a layin nan, gaskiya suka faɗa. Ko da a ce ruwan sama bai ƙaru ba ko kaɗan, ƙasar da ke shan sa ce aka rufe mata baki.

Abin da kan biyo baya kowa ya san shi. Wanda ke da hali ya ɗaga ƙofar gidansa, ya yi dakali, ya cika tsakar gida da jar ƙasa, ya juya rariya ta fuskanci layi. Na ƙasa da shi ya ga ruwa ya ƙaru, shi ma ya ɗaga nasa. Haka za a yi ta miƙa ruwa hannu da hannu har ya isa gidan da ke can ƙarshen gangare, inda haya ta fi araha, inda gwauruwa da marayunta ko sabon ma'aikaci da amaryarsa suka kama ɗaki ɗaya. Ba wanda ya yi nufin cutar su, kowa gidansa ya kare, amma a kansu kayan ke sauka. Mun ga maƙwabta da suka daina gaisawa saboda bakin rariya, har magana ta kai gaban mai unguwa ko dattawan ikilisiya, a yi ta shari'ar wa ya fara, alhali kuwa ruwan da suke faɗa a kai daga gidaje 50 da ke sama da su ya taho.

Da an yi kuka, abin da akan roƙi gwamnati shi ne babban lambatu na kankare. Lambatu yana da amfaninsa, ba mu ce a bar gina shi ba. Amma aikinsa guda ne, watau ya kwashe ruwa daga nan ya kai shi can da sauri. In ka faɗaɗa shi a unguwar tudu, ka ƙara wa ruwa gudu ne zuwa unguwar kwari, duk ruwan unguwanni ya haɗu a bakin kwalbati ɗaya a lokaci ɗaya. Wannan ya sa injiniyoyi a ƙasashe da dama suka sake tunani, suka koma ga abin da suke kira magudanar ruwa mai ɗorewa. Sunan ya yi nauyi, amma ma'anar ba ta wuce abin da kowane manomi ya sani ba: a tare ruwa a inda ya zubo, a rage masa gudu, a ba ƙasa dama ta sha, abin da ya saura shi ne zai bi lambatu sannu a hankali. Wanda ya taɓa yin kunya a gicciye a gonar gangare ya riga ya san rabin karatun.

Garuruwanmu na da ma sun yi wannan, ko da yake ba su ba shi suna ba. Tsohon birnin Kano da ƙasa aka gina shi, gidaje da ganuwa duka, haka Zariya da Katsina. Inda aka haƙi ƙasar tubali ya zama kududdufi, da wuya kuwa ka sami unguwa a cikin birni da ba ta da nata. Da damina ruwa ya sauko ta indararo, ya bi rariya, ya bi lungu, ya faɗa kududdufi ya kwanta. Daga nan wani ya nutse ya ciyar da rijiyoyin gidajen da ke kewaye, wani dabbobi su sha, magina su ɗiba su kwaɓa ƙasa da rani, yara su kama tarwaɗa. Sai kududdufi ya cika sa'an nan rarar ta gangara Jakara. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya tarar da su sa'ad da ya shiga Kano a 1851, bai kuwa yaba musu ba, ya ɗauke su matattarar cuta. Yana da gaskiyarsa. Kududdufin da aka mai da shi juji, ruwan masai na shiga, gidan sauro ne da wari, iyaye da yawa kuma sun yi kukan 'ya'yan da suka nutse a ciki. To amma maimakon a gyara su, a kewaye su, a hana zuba shara, da fili ya yi tsada sai aka shiga cike su da bola ana sayarwa ana gini. An rabu da warin, an kuma rabu da randar da ke tare ruwan unguwa. Ruwa kuwa bai san an sayar da wurin ba, kowace shekara sai ya dawo neman makwancinsa.

A watan Agusta na 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari a Kano, ya lalata atamfa da shadda da leshi na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwa da dama suka ɗora laifin a kan shagunan da aka gina bisa hanyar ruwa. Ko sunan kasuwar ma ya isa ishara. Kakanninmu ba su raɗa wa wuri suna a banza: in ka ji Kwari, ko Fadama, ko Rafin Guza a Kaduna, ko Gangare a Jos, wadda tana cikin unguwannin da ambaliyar watan Yuli na 2012 ta yi wa ɓarna, to an riga an gaya maka abin da ruwa ke yi a wurin.

Wani zai ce ai wannan zancen zamanin da ne, birnin yau ba ya zama da kududdufi. To ga labarin wata unguwa a ƙasar Turai da ta komo ga wannan dabara da gangan. Sunanta Augustenborg, a birnin Malmo na kudancin ƙasar Suwidin. An gina ta tsakanin 1948 da 1952, gidajen bene ne kusan 1,800, mutane wajen 3,000. Ruwan sama da ruwan bayan gida duk bututu ɗaya suke bi a ƙarƙashin ƙasa, saboda haka in aka yi ruwa mai yawa sai bututun ya cika, ƙazanta ta dawo cikin ɗakunan ƙasa. Unguwar ta lalace, masu hali suna ta tashi. A 1998 hukumar birni da kamfanin da ke da gidajen suka fara gyara, suka kuma zauna da mazauna unguwar aka yi shawara tare. Ba su haƙa titi sun sa babban bututu ba. Sun cire ruwan sama daga bututun, suka bar shi yana tafiya a fili: ƙananan magudanu da suka kai kilomita 6 in an haɗa tsawonsu, da tafkuna 10 a tsakanin gidaje, da filayen ciyawa da aka ɗan zurfafa domin ruwa ya kwanta na ɗan lokaci, har da rufin gine-gine da aka shimfiɗa wa ƙasa aka shuka tsirrai. Wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke sauka a kan rufi da daɓe ya koma bin wannan hanya.

Ranar gwaji ta zo ran 31 ga Agusta, 2014, sa'ad da aka yi wa Malmo ruwa fiye da milimita 100 cikin sa'o'i kaɗan. Gidaje da yawa a birnin sun sha ruwa. Da masu bincike na Jami'ar Lund suka bi takardun waɗanda suka nemi diyya daga kamfanonin inshora, sai suka tarar ɓarnar da aka yi a Augustenborg ta yi ƙasa ƙwarai da ta unguwanni masu kama da ita waɗanda suka dogara ga bututu kaɗai. Ba mu da kuɗin Suwidin, rufin kwanonmu kuma ba zai ɗauki ƙasa da ciyawa ba. Amma tafkin nan nasu da aka kewaye, aka tsabtace, aka yi masa mafita, ɗan'uwan kududdufin Kano ne wanda ya sami kulawa.

Yanzu sai mu dawo gida. Abu na farko kuma mafi araha shi ne a bar wa ƙasa bakinta. Mai sabon gini ya yi daɓe a inda ake takawa da inda mota ke tsayawa, saura ya bar shi ƙasa ko ya zuba tsakuwa, ya shuka ciyawa da itace ɗaya ko biyu. In tubalin shimfiɗa ne za a jera, a jera shi bisa yashi da tsakuwa, a cika tsakaninsa da yashi. Wasu magina kan shimfiɗa leda ko su zuba kankare a ƙarƙashi wai don kada ciyawa ta fito. Da an yi haka ba shi da bambanci da siminti. Na biyu, a sa wa rufi mazurari a tara ruwa a tanki ko duro. Sai dai a lura, tankin da ya cika tun watan Yuni ba ya tare kome a Agusta. Sai ana amfani da ruwan, ana wanki da wanke-wanke da shi, domin hadari na gaba ya tarar da wuri. A kuma rufe bakinsa saboda sauro.

Na uku shi ne wurin da rarar za ta kwanta, a nan ne kuma akan yi asarar kuɗi. Mutane sukan haƙa rami mai zurfi su cika shi da duwatsu. Yana aiki, amma ramin da aka cika da duwatsu kashi ɗaya cikin uku kaɗai yake ɗauka na ruwa. Rami mai mita 2 da mita 2, zurfin mita ɗaya da rabi, duro 10 zai ci. Alhali kwari marar zurfi, tsawon mita 4, faɗin mita biyu da rabi, zurfin taƙi guda, shi ma duro 10 ɗin zai ɗauka, ba a sayi dutse ko ɗaya ba. A shuka ayaba ko rake ko gwaza a ciki, a kewaye bakinsa da jema domin saiwarta tana riƙe ƙasa. Matan ƙauye da ke dasa ayaba a bakin rariyar wanka sun daɗe da sanin wannan.

Akwai kashedi, kada wani ya karanta rabin magana ya jawo wa kansa. Ba kowace ƙasa ke shan ruwa ba. Jigawa tana sha da sauri, laka da yumɓu ba sa sha, inda kuma dutse ke kusa ko ruwan rijiya ke hawowa har a taɓa shi da hannu da damina, rami ba zai yi amfani ba, tanki da ciyawa su ne magani. Gwajin mai sauƙi ne: a haƙa ɗan rami zurfin kamu guda, a cika shi da ruwa, in ya tsotse a sake cikawa. In na biyun ya ɓace cikin yini da kwana, ƙasar ta yi. Ruwan da aka tara kada ya wuce kwana 2 a kwance, gama ƙwan sauro na bukatar wajen mako guda kafin ya zama sauro. A nisanta ramin daga tushen gini kamar mita 5, balle ginin ƙasa. Mafi muhimmanci duka, ruwan rufi kaɗai za a kai wa ramin. Kada a haɗa shi da ruwan masai ko na sokawe, kada kuma a haƙa shi kusa da masai har ya tura ƙazanta zuwa rijiya. Wanda ya yi haka ya kori ambaliya ya gayyato amai da gudawa.

A nan ne maganar ta shafi majami'unmu kai tsaye, domin a unguwanni da yawa ba rufin da ya kai na majami'a da na masallacin Juma'a da na makaranta girma. Majami'a mai mita 15 da mita 30, rufinta murabba'in mita 450 ne. Ruwan milimita 50 zai sauko da lita 22,500 daga kanta. A gari irin Kaduna, inda ruwan shekara kan kai wajen milimita 1,200, lita 540,000 ke nan a damina guda, watau jarka 21,600 irin mai lita 25 da 'yan garuwa ke turawa a kura. Duk wannan yana zuba a layi yana shiga gidajen maƙwabta, sa'an nan da rani zumuntar mata ta yi karo-karo ta sayi ruwan girki ran taro. In kuma aka yi baiko na musamman domin gyaran haraba, abin da ke fara zuwa bakin kwamitin gini shi ne a shafe ko'ina da siminti don wurin ya yi kyau ran bikin aure. Muna roƙon kwamitocin gini da dattawa, kafin a sa hannu a kan kuɗin siminti, a tambayi magini tambaya ɗaya: ruwan harabar nan, gidan wa zai shiga? Kuɗin buhunan da za a rage ya isa a fara sayen tanki da mazurari.

Layi kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, sai da gayya. Kowace irin dabara aka yi, in lambatu ya cika da yashi da ledar fiya wata da robobi, aikin banza ne. Yasar lambatu aikin watan Maris da Afrilu ne, ba a fafa gora ranar tafiya. Abin da aka yaso kuma a kwashe shi a ranar, gama tulin da aka bari a bakin lambatu ruwan farko ke mai da shi inda ya fito. 'Yan birged da ƙungiyar matasa suna da ƙarfin yin wannan, amma in ba a je wurin mai unguwa da limamin masallacin layi an sa rana ɗaya tare ba, za a yashe rabin lambatu ne ruwa ya tsaya a ɗaya rabin.

Kada kuma a ɗauka wannan zai tare kowane irin ruwa. Ƙasar Sin ta zaɓi birane 30 a 2015 da 2016 domin gwada abin da ta kira birni mai kama da soso. Birnin Zhengzhou ma ya kashe kuɗi mai yawa a kan irin wannan aiki, amma ran 20 ga Yuli, 2021, aka yi masa ruwa milimita 201 cikin sa'a ɗaya tak, mutane ɗaruruwa suka rasu. Ramin ayaba ba zai tare madatsar da ta ɓalle ba, ba kuma zai ceci gidan da aka gina a cikin kwarin kogi ba. Gyaran madatsu da manyan magudanu da faɗakar da jama'a kafin ruwa ya iso, nauyin gwamnati ne, ba a sauke mata shi ba. Abin da dabarar ke magani shi ne ruwan da akan yi sau da yawa a kowace damina, wanda shi ne ke cin katifu da katangu.

Akwai kuma abin da doka za ta iya yi da ɗan kuɗi kaɗan. Bayan ambaliyar 2007 da ta shiga gidaje da shaguna wajen 55,000 a Ingila, a 2008 aka kafa ƙa'ida cewa duk mai son rufe fiye da murabba'in mita 5 na filin ƙofar gidansa da abin da ruwa ba ya ratsawa, sai ya nemi izini, in dai ba ya tanadi inda ruwan zai nutse a cikin gidansa ba. A yankin Wales kuwa, tun watan Janairu na 2019 ba a yarda da sabon gini mai murabba'in mita 100 ko fiye sai an nuna yadda za a tare ruwansa. Hukumomin tsara birane namu, irin su KASUPDA a Kaduna da KNUPDA a Kano, da ma suna duba zanen gini kafin su ba da izini. Ƙara layi ɗaya a takardar, cewa sai an bar wani kaso na fuloti ba siminti, ba zai ci kasafin kuɗi ba. Wannan magana ce da za a iya kai wa kansila da ɗan majalisa in sun zo gaisuwa.

Inda dama ta fi yawa shi ne sababbin unguwannin bakin gari, irin su Gonin Gora da Kamazo da Maraban Rido a Kaduna, inda gonaki ke komawa fulotai, 'yan'uwa da yawa kuma can suke sayen fili. Mai niyyar saye ya daure ya je ya ga filin a watan Agusta, kashegarin ruwa mai ƙarfi, ya tambayi manoman wurin inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. Masu sayen fili a wuri ɗaya kuma su haɗa kai tun kafin a kafa tubali, su je wurin mai unguwa da mai filin a keɓe wuri mafi kwari, a rubuta a takarda cewa ba na sayarwa ba ne. Da rani filin ƙwallon yara ne da wurin taron biki, da damina kuwa ruwan unguwa ya kwanta a ciki kwana ɗaya ko biyu kafin ya wuce rafi.